An Ƙaddamar, Sai Kuma Me?

Ƴan uwa ɗalibai, akwai wani aikatau da ya cika mini kunne a rahotannin rediyo kan jirgin ƙasa: "ƙaddamar". An ƙaddamar, za a ƙaddamar, an sake ƙaddamarwa. Aikin yini guda ke nan, almakashi da tafi. "Gudanar" kuwa, aikin kullum, da wuya ka ji shi, alhali can kuɗin ke tafiya.

Ku dubi ƙaramin jirgin cikin birnin Abuja. Buhari ya ƙaddamar da shi a Yulin 2018, da bashin bankin China. Korona ta tsayar da shi a 2020, ya kwanta shekara huɗu, sai Tinubu ya sake ƙaddamarwa a Mayun 2024, aka ce shiga kyauta na wasu watanni. Masu rahoto suka yi ta nanata "kyauta". To ai kalmar nan ba ta tsayuwa ita kaɗai, sai da mai bayarwa. Wa ya biya mai, da albashin direba da masu gadin tasha? Ban ji wanda ya tambaya ba.

Lissafin fa ba boka ba malam. Ɗan Hiyas ɗin Tasawa ba ya tashi sai ta cika, in babu fasinja ya kashe mota ya sha shayinsa. Jirgi ba shi da wannan gatan. Ko da mutum biyar ne sai ya tashi kan lokaci, dogo kuma na cin kuɗin gyara ko an hau ko ba a hau ba. Kayan gyara da dala, tikiti da naira. In tashoshin sun yi nisa da unguwanni, fasinja su ragu, a rage sawu don tsimi, jira ya yi tsawo, sauran ma su koma mota.

Mu nan Nijar mun ga wanda ya fi haka. Dogon Bolloré daga Yamai zuwa Doso, kilomita kusan 140, an yi bikin tasharsa a 2014, har yau bai yi jigilar kasuwa ba.

Yanzu ga na Kano zuwa Maraɗi ana shimfiɗawa. Mu ƴan Maijirgi, masu suna ba jirgi, ana ta tsokanarmu wai namu ya kusa. Shi wannan na dogon zango ne, kaya na iya ciyar da shi. Abin da nake jira a rediyo shi ne nawa buhun wake zai biya daga Maraɗi zuwa Dawanau, kuma sawu nawa a mako.