Tarkon Ƙuda: Littafin da Ƙuda Ya Zama Jarumi

Mai karatu, ka taɓa cin karo da littafin da ƙuda ne jaruminsa? To ga Flugfällan, wato Tarkon Ƙuda, na Fredrik Sjöberg ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2004. Babu bos, babu rawa da waƙa. Shekaru marubucin ya kwashe a tsibirin Runmarö yana farautar wasu ƙudaje masu shigar ƙudan zuma amma ba sa harbi, har ya tara iri 202. Kowanne a soke shi da allura, a maƙala masa 'yar takarda mai suna da rana da wurin kamu. Ka cire takardar nan, masani ba shi da abin yi da ƙudan. Nan daɗin littafin yake.

Inda ya rage armashi shi ne labarin René Malaise, wanda ya ƙirƙiro tarkon mai kama da gidan sauro, ya yi amfani da shi a Bama a 1934. Marubucin ya bi shi har cikin tatsuniyar Atlantis da cinikin zane-zane, ya bar mu muna cigiyar ƙudajenmu. Duk da haka, nemi fassarar Turancinsa ka karanta.