Wa Ya Ce Gora da Koma Kayan Kallo Ne?

Duk shekarar da aka yi bikin kamun kifi na Argungu, sai wani mai takardar shaida ya fito ya ce gora da koma kayan nuna wa baƙi ne kawai, su na gaskiya kuwa sai da ragar nailan da jirgi mai inji. Wasu ma har ƙarawa suke yi wai ƙugiya da raga duk daga Turai muka same su. Wannan magana ta biyun ba ta cancanci dogon martani ba.

A Katanda, can ƙasar Kwango, an tono zagon ƙashi da aka ƙiyasta ya kai shekara 90,000. A tsibirin Okinawa na Japan an sami ƙugiyoyin da aka sassaƙa daga ɓawon dodon koɗin teku, masu shekara wajen 23,000. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, inda yau babu ko ɗigon ruwa, masu bincike sun tarar da zago da ƙugiya na ƙashi a bakin wani tafki da ya ƙafe tun tuni. Ga kuma jirgin Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987, a jihar Yobe ta yanzu, wanda ya kai shekara 8,000. Abin da masana'anta ta kawo daga baya shi ne araha da ƙarko: kamfanin Mustad na Norway ya fara buga ƙugiya da inji a 1877, nailan kuma ya fito daga kamfanin DuPont na Amurka a 1935. Zare ya sauya, ƙarfe ya sauya. Siffar birgi da taru da mamari da fatsa tana nan yadda masunta suka tsara ta. Ko gurar Mali da ta cika tafkunanmu, sunanta kaɗai ya isa ya faɗi daga inda ta zo.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina gora ne. A duba shi da kyau. Ɗan duma ne babba, an fafe masa baki a sama, an kwashe cikinsa, an bar shi ya bushe. Masunci zai kifa cikinsa a kan bakin, sai jikinsa ya zama murfi. Iskar da ke ciki ta ɗauke shi, ƙafafunsa su zama filafili, hannayensa biyu kuma su sami sakewa su riƙe koma. Kifin da ya kama, cikin goran zai jefa shi. Abu ɗaya ya zama jirgi, ya zama rumbu, ya zama wurin hutawa in numfashi ya ƙare bayan nutso. Kuma da yake nauyin kifi a ƙasa yake taruwa, goran sai ƙara zama yake yi daram a ruwa yayin da kamu ke ƙaruwa, har zuwa inda mai shi zai ji a ƙirjinsa cewa lokacin fita ya yi. Ba ya ƙara, ba ya shan mai, yana ratsa ciyawar fadama da kwalekwale ba zai shiga ba. Wanda ya taɓa ganin Badawa a kogin wajen Gashuwa sun jeru a kan goruna ya san wannan sana'a ce, ba wasan biki ba.

Koma ita ce ƙawarsa, kuma ba a yi mata adalci in an kira ta ƙaramar raga. Biyu ake riƙewa, ɗaya a kowane hannu, kowacce an ɗaure ta a jikin tanƙwararren icce. Masunci yana buɗe su kamar fukafukai, ya bi ƙasan ruwa yana lalube, in ya ji motsi ya haɗe bakinsu. Raga mai shanyawa jira take yi, ta kama duk abin da tsautsayi ya kawo. Koma kuwa sai mai ita ya je da kansa, ya san inda tarwaɗa ke kwanciya a laka da inda giwan ruwa ke laɓewa, ya san irin bugun da kowanne ke yi. Shi ya sa karin maganar ta ce kifi na ganinka mai jar koma. Ba a yi wa taru irin wannan karin magana ba, don kifi ba ya ganin mai taru sai a tudu.

Nan ne nake rabuwa da masu auna kayan su da yawan buhunan banda. A ganina kayan aikin da ya ƙware shi ne wanda yake da iyaka a jikinsa. Koma ba ta wuce faɗin hannun mutum, gora ba ya ɗaukar fiye da cikinsa, numfashin ɗan Adam kuma ƙidayayye ne. Kabawan Argungu sun ɗora tasu iyakar a kai: kogin Matan Fada a rufe yake yawancin shekara, sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Lokacin da hukumar UNESCO ta sanya bikin Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, wasu sun ɗauka ganguna kawai aka yaba. Ni na fi ganin darajar a wannan ƙa'ida.

Ragar nailan ba ta san iyaka ba. Ba ta ruɓewa kamar zaren rama, ko ta tsinke ta ɓace a ruwa ci gaba take yi da kisa. Idonta kuma kullum ƙanƙancewa yake yi, har ta kai a wasu garuruwan bakin ruwa gidan sauron da aka raba don zazzaɓi shi ake ja a tafki, a kwaso 'ya'yan karfasa da ba su kai ɗan yatsa ba. Mai wannan aikin ma in ka tambaye shi zai ce maka gora kayan da ne.