Sammakon Attajiri: Sharhi kan littafin The 5 AM Club

Tun da The 5 AM Club ya fito a 2018, ya shiga jerin littattafan da ake miƙa wa matashi idan ya yi kukan babu. Marubucinsa Robin Sharma ɗan Kanada ne, tsohon lauya, wanda ya yi suna da The Monk Who Sold His Ferrari. Saƙonsa bai da wuyar riƙewa: ka tashi ƙarfe 5 na asuba, ka kasa sa'ar farko gida uku. Minti 20 na motsa jiki har gumi ya karyo, minti 20 na tunani da rubuta abin da ke ranka, minti 20 na karatu. Ka dage kwana 66, abin ya zama jiki, nasara ta biyo baya.

Sharma ya naɗe wannan nasiha cikin ƙagaggen labari. Wata 'yar kasuwa da masu hannun jari ke neman ƙwace mata kamfani da wani mai zane da rayuwa ta cushe masa sun haɗu a wajen wata lacca. Nan suka gamu da wani mutum cikin tsumma, ashe hamshaƙin attajiri ne mai suna Stone Riley. Ya ɗauke su a jirginsa zuwa tsibirin Morishas, daga nan Indiya, Rum, Barazil da Afirka ta Kudu, kowane zango da darasinsa. Ta fuskar adabi labarin bai da ƙashi. 'Yar kasuwar da mai zanen ko suna ba a ba su ba, aikinsu gyaɗa kai da yin tambayar da za ta ba attajiri damar ci gaba da wa'azi. Har soyayyar da aka ƙulla tsakaninsu ba ta kai ta littafin da 'yar aji uku ke rubutawa a waya zafi ba.

Amma ba don labarin ake sayensa ba, don haka mu koma kan da'awar.

Mu nan tashin ƙarfe biyar ba sirri ba ne da za a kai mutum Morishas kafin a raɗa masa. Ladan ya riga Sharma. Kafin a idar da sallar asuba mai ƙosai ta hura wuta, mai shayi ya ɗora tukunya, ɗan garuwa ya kama layin rijiyar burtsatse, leburan kasuwar Dawanau sun fara sauke buhuna. Waɗannan sun shekara ashirin cikin ƙungiyar ƙarfe biyar ba tare da an yanka musu kati ba, kuma har yau babu mai jirgi a cikinsu. Da sammako kaɗai ke kawo dukiya, da su ne masu gari. Littafin ya ga wasu attajirai suna tashi da wuri, sai ya ɗauka tashin ne ya azurta su.

Sai dai a yi masa adalci. Sharma bai ce a rage barci ba. Ya ware babi guda kan muhimmancinsa, ya ce a ajiye waya tun da farkon dare, a kwanta da wuri. Hausawa ma sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Matsalar ita ce sunan littafin da duk kururuwarsa suna kan tashi, kwanciyar kuwa an tura ta can cikin tsakiya. Abin da ke isowa wayoyinmu a gajerun bidiyo rabin farko ne kawai: hoton agogo, da gorin cewa kana barci wasu na tara kuɗi. Sai matashin da ya kwanta ƙarfe ɗaya ya saita ƙararrawa ƙarfe biyar, ya wuni yana gyangyaɗi, yana zargin kansa da lalaci.

Likitocin barci sun daidaita kan cewa baligi na buƙatar aƙalla sa'a 7. Don haka mai tashi ƙarfe biyar sai ya kasance ya yi barci tun goma na dare. Wa ke da ikon wannan? Mu masu rubuta manhaja, idan muka samu aikin nesa da kamfanin da ke Kalifoniya, ƙarfe 9 na safensu ita ce 5 ko 6 na yammarmu, tashinsu daga aiki kuwa ɗaya ko biyun darenmu. Ɗalibi na jiran tsakar dare saboda lokacin ne data ke araha. Tela na jiran a kawo wuta, ko ƙarfe nawa ne, ya hau keke. Uwa mai goyo ba ita ke tsara darenta ba. A watan zafi kuwa, ɗakin da babu fanka bai yarda a runtsa kafin sha biyu. Kwanciya ƙarfe goma kaya ne mai tsada, kuma littafin ya ɗauka kowa na da shi a aljihu.

Ko kimiyyar da ya jingina da ita ya yi mata aski. Kwana 66 ɗin nan ya samo asali ne daga binciken Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan, inda adadin ya kasance tsaka-tsaki kawai: wani ya saba da sabuwar ɗabi'a cikin kwana 18, wani sai an yi hasashen 254. Sannan lokacin da jiki ke son barci yana da nasaba da gado. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya gano gurabe 351 a ƙwayoyin halittar ɗan Adam masu alaƙa da zama mai sammako ko mai raya dare. Wanda aka halitta da agogon dare zai iya tilasta wa kansa, amma barci ba a cin bashinsa.

Abin da ya fi damunmu shi ne wanda irin wannan nasiha ke yi wa aiki. Wata huɗu bayan fitowar littafin, a Maris 2019, masu rubuta manhaja a Sin suka buɗe shafi a GitHub mai suna 996.ICU, suna ƙorafin aiki daga 9 na safe zuwa 9 na dare, kwana shida a mako, wato sa'a 72, wanda a cewarsu ƙarshensa gadon asibiti. Jack Ma na Alibaba ya fito ya kira tsarin da alheri ga matasa. Sai a Agusta 2021 kotun ƙolin ƙasar ta bayyana cewa ya saɓa doka. Waɗannan ma'aikata ba su rasa horon kai ba. Wani ne ya riƙe agogonsu, kuma da suka tashi neman gyara, wurin mai agogon suka nufa. A duniyar Sharma babu wannan hanya: duk gajiyar da ka kwaso laifin tsarinka ne, maganinta kuma ƙarin tsari.

Akwai abin ɗauka a littafin. Sa'a guda da babu waya a hannu, ko da asuba ko bayan isha'i, tana da daɗi kuma tana da amfani, musamman ga mai rubutu. Amma mai karatu ya lura da yadda safiyar Riley ke gudana: mota na jira, jirgi a shirye, bakin teku a share, ɗaki a gyare. Shafi sama da 300, littafin bai tsaya ko sau ɗaya ya gaya mana ƙarfe nawa direban ya kwanta ba.