Mai Kyamara da Mai Baki: Nazari a Kan Aikin Jean Rouch da Damouré Zika

Yawancin littattafan tarihin silima da ɗalibi zai buɗe sun rubuta cewa Jaguar da Petit à petit da Cocorico Monsieur Poulet finafinan Jean Rouch ne. Sunan Damouré Zika, in ma ya fito, can ƙasa yake zuwa cikin jerin ƴan wasa. Wannan takarda za ta auna wannan rabo, ta ga ko an yi shi da adalci. Mutanen biyu sun yi aiki tare fiye da shekara 60, kuma a ganina ba za a fahimci finafinan nan ba sai an san abin da kowannensu ya riƙe a cikin aikin.

Rouch Bafaranshe ne, an haife shi a Paris a 1917. Ya zo Yamai a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, lokacin mulkin mallaka. A nan ya haɗu da Damouré, saurayi ɗan gidan Sorko, wato masuntan kogin Kwara waɗanda Hausawa ke kira Sarkawa. Damouré ya yi makarantar boko, yana jin Faransanci, don haka Rouch ya ɗauke shi aiki. A 1942 aradu ta faɗa wa waɗansu leburorin Rouch ta kashe su. Damouré ne ya kawo kakarsa Kalia, wadda ta san sha'anin Dongo, iskan tsawa a wurin Zabarmawa da Sangayawa, ta gudanar da abin da al'ada ta tanada. Abin da Rouch ya gani a wurin shi ya juya shi daga aikin hanya zuwa nazarin al'adu. Ke nan tun daga tushe, yaron gida ne ya buɗe wa maigida ƙofar sana'ar da ya yi suna da ita.

Maganar shirya fim na wasa ta taso a 1954. Rouch ya koma Ayorou ya nuna wa masunta Bataille sur le grand fleuve, fim ɗin da ya ɗauka na farautar dorina. Masunta suka soki kiɗan da ya sa a wurin farautar, suka ce dorina tana ji a cikin ruwa, kiɗa kuwa ƙarfin zuciya zai ƙara mata. Rouch ya karɓi gyara, ya cire kiɗan. A wannan zama ne Damouré, da ya ga kansa a majigi, ya kawo shawarar su shirya labari su yi wasa. Daga nan aka sami Jaguar.

Labarin Jaguar ba baƙo ba ne ga Bahaushe, don kuwa cin rani ne. Samari uku sun bar Ayorou zuwa ƙasar da ake kira Gana a yau: Damouré ɗan kwalisa mai karatu, Lam Ibrahim Dia Bafulatani makiyayi, da Illo Gaoudel masunci. Sun ratsa Dahome da Togo, suka isa bakin teku, sannan kowa ya kama gabansa. Damouré ya sami aiki wurin masu katako a Akra, Illo ya yi dako a tashar jiragen ruwa, Lam ya shiga kasuwar Kumasi. A ƙarshe suka haɗu suka buɗe rumfa. Sunan fim ɗin daga motar nan ta Ingila aka aro shi, ana kiran saurayin birni mai ado da taƙama da shi.

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya fi lura da shi shi ne yadda aka sami maganar da ke cikin fim ɗin. Kyamarar Rouch ƙarama ce, mai wani da hannu, ba ta kai rabin minti tana ɗauka sai an sake wana ta, kuma ba ta ɗaukar murya tare da hoto. Saboda haka an ɗauki hotunan a 1954 da 1955 babu magana. Sai daga baya aka zaunar da Damouré da Lam gaban majigi, suna kallon kansu, suna faɗin abin da ya zo musu a baki. Fim ɗin bai fito ba sai 1967. Wannan ƙarancin kayan aiki shi ya raba mulki gida biyu: ido na Rouch, baki na Damouré da Lam. Idan aka kashe murya aka kalli Jaguar, abin da zai rage hotunan tafiya ne na Bature mai nazarin ƴan cin rani, masu kyau amma ba su da gishiri. Muryar ce ta mai da su labari.

Kuma muryar tana da salo da za mu iya sa wa suna. Damouré yana yi wa kansa kirari, yana zuga tafiyarsa da sigarinsa a titin Akra kamar maroƙi ya sami attajiri, sai dai shi ne maroƙin shi ne kuma attajirin. Lam yana amsa masa a taƙaice, yana sauke shi ƙasa in ya hau da yawa. Wanda ya taɓa zama a dandali ya ji mai ba da labari da mai amsa masa zai gane tsarin nan take. Akwai kuma wasan barkwanci irin na taubasai da na ƙabila da ƙabila, wanda Nijar ta shahara da shi har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Tsokanar da ke tsakanin Basarke da Bafulatani a fim ɗin daga wannan rijiya aka ɗebo ta. Dubi kuma sunan rumfarsu ta Kumasi. Faransawa suna da karin magana mai cewa sannu sannu tsuntsu ke gina sheƙarsa. Su kuwa suka cire sheƙa suka sa hula. Kalma ɗaya suka sauya, karin maganar masu mulki ta zama abin wasan ƴan kasuwa. Faransancin Damouré gaba ɗaya haka yake: ya san ƙa'ida, yana lanƙwasa ta da gangan.

Akwai wurin da matafiyan suka iso ƙasar Somba a arewacin Dahome, inda mutane a lokacin ba su damu da tufafi ba. Da Bature ne ya yi bayani a nan, da wuya ya tsira daga ɗayan biyu, raini ko kuwa yabon da ya fi raini ciwo. Muryoyin matafiyan sun fara da mamaki da dariya, sannan suka dawo kan cewa haka Allah ya yi waɗannan mutane, bai kamata a yi musu ba'a ba. Kallon baƙo ne wannan ma, amma na baƙon da gobe shi za a kalla a Akra.

A Petit à petit, wanda ya fito a 1971, abokan sun juya madubi. Damouré ya zama shugaban kamfani, yana son gina bene mai hawa da yawa, sai ya tafi Paris ya ga yadda masu benaye ke zaune. Can ya ɗauki ma'auni yana tare mutane a titi, yana auna kawunansu, yana duba haƙoransu, yana rubutawa, daidai yadda masanan Turai suka daɗe suna yi wa ƴan Afirka. Wannan shi ne wuri mafi kaifi a duk aikinsu, kuma fuskar Damouré ce ta ɗauke shi: ba ya murmushi ko kaɗan, yana yi da natsuwar likita. Sauran fim ɗin bai kai nan ba. Da aka shigo da ƴan mata cikin labarin, ciki har da Safi Faye ƴar Senegal wadda daga baya ta zama darakta mai suna, sai aka bar su kamar kayan ado, wasan ya yi tsawo ya saki. Wannan ita ce illar aiki babu rubutaccen labari tsakanin aminai: abin da ya ba su dariya suna ɗauka zai ba kowa, kuma babu wanda zai ce a tsaya.

Cocorico Monsieur Poulet na 1974 ya fi shi tsari, ko da yake labarinsa bai taka kara ya karya ba. Lam ɗan kasuwar kaji ne mai wata tsohuwar Citroën 2CV da ake kira Patience, wato haƙuri, Tallou Mouzourane yaron motarsa, Damouré kuma ya maƙale musu. Motar tana mutuwa, aljanu suna tare hanya, sau uku ana tsallakar da ita kogi ba ta kan gada ba. A nan ne suka haɗa farkon sunayensu, Damouré da Lam da Rouch, suka sami Dalarou a matsayin mai fim, daga baya aka ƙara Tallou ya zama Dalarouta. Wato su da kansu sun amsa tambayar da muka fara da ita. Masu rubuta tarihi ne suka ci gaba da kiran suna ɗaya.

Duk da haka, kada ɗalibi ya ɗauka an yi kunnen doki. Almakashi yana hannun Rouch. A Paris ake tace fim, can kuɗi suke, can ake gayyata zuwa bukukuwan silima, kuma wanda ya zaɓi abin da za a yanke shi ke da magana ta ƙarshe komai daɗin bakin ɗan wasa. Harshen finafinan ma shaida ne: yawanci Faransanci ne, harshen mai kyamara da masu kallonsa, alhali cin ranin da Jaguar ke ba da labari da Zabarmanci da Fulatanci da Hausar zango aka yi shi. A 1965 Ousmane Sembène ya zargi Rouch da ire-irensa da kallon ƴan Afirka kamar ƙwari. Zargin ya fi kama finafinan Rouch na tsafi da bori, ya fi sassauci a kan waɗannan uku, don ƙwaro ba ya auna kan mai nazarinsa. Amma bai faɗi gaba ɗaya ba. Kwatanta da Oumarou Ganda, wanda ya fito a Moi, un Noir na 1958 yana ɗan dako a Abijan: shi ya karɓi kyamara da kansa, ya yi Cabascabo, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1972 da Le Wazzou polygame. Damouré bai bi wannan hanya ba. Ya riƙe aikinsa na jinya, yana duba marasa lafiya a Lamordé, fim kuwa sai in abokinsa ya zo. Ana iya cewa amincin ya ba shi fage, ana kuma iya cewa ya tsare shi a gaban kyamara. Ni na fi karkata ga na farko, saboda mutumin da ake gani a majigi bai yi kama da wanda ke jiran izinin kowa ba.

Sun ci gaba har tsufa. A Madame l'Eau, farkon shekarun 1990, dattawan sun tafi Holan neman dabarar injin iska da zai ɗaga ruwan kogi zuwa gonakinsu da fari ya cinye. Wasan ya yi sanyi, tafiyar ta yi nauyi, amma tsokanar tana nan. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ran 18 ga Fabrairu 2004, yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Damouré ya rasu a Yamai a 2009.