Daga Takarda Zuwa Majigi: Matsayin Shaihu Umar da Takwarorinsa na Gasar 1933

1.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin da ya shiga ɗakin karatu na jama'a a Minna yana neman littattafan da gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ta haifar, wadda Rupert East ya shirya daga Zariya, zai tarar kusan tarihin gidansa yake nema. Daga cikin littattafan nan biyar, uku suna da jiɓi da ƙasar da ta zama Jihar Neja a 1976. Abubakar Imam, mawallafin Ruwan Bagaja, a Kagara aka haife shi a 1911, kuma wansa Bello Kagara shi ya rubuta Ganɗoki. Labaran biyu duk sun rataya da Kwantagora. Shi kuwa tauraron littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wato Shaihu Umar, da bakinsa ya shaida wa almajiransa a Rauta cewa asalinsa mutumin Kagara ne. Manufar wannan maƙala ita ce a duba abin da ya sami Shaihu Umar sa'ad da ya tashi daga takarda ya koma majigi, a kuma auna ribar wannan ƙaura da hasararta.

2.0 Muryar Mai Ba Da Labari

Littafin bai faɗa hannun masu majigi kai tsaye ba. Sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975, sa'annan Adamu Halilu ya shirya fim ɗin a 1976, inda Umaru Ladan ɗin ya fito a matsayin Shaihu. Ashe ke nan matakai uku muke da su, zube da dandamali da majigi, kuma kowane mataki da irin dokarsa.

Babban rauni a zubin littafin sananne ne. Shaihu Umar shi ke ba da labari da bakinsa, amma kaso mai yawa na abin da yake faɗi bai gani da idonsa ba: makircin da fadawa suka ƙulla wa Makau, mijin uwarsa, da korar da aka yi masa, da kuma wahalar da uwar ta sha a hannun masu cinikin bayi sa'ad da ta fita nemansa. Yana ƙaramin yaro aka yi wasu, yana ƙasar Larabawa aka yi wasu. A nan majigi ya yi wa Tafawa Ɓalewa gyara ba tare da ya taɓa jigonsa ba, domin da zarar hoto ya bar zauren Shaihu ya koma baya, mai kallo ba ya tambayar wa ya gani. Shi da kansa ya zama shaida.

Sai dai kuma gyaran nan da tsada ya zo. Ƙarfin littafin yana cikin sanyin muryar Shaihu. Yana ba da labarin sace shi, da hari, da sayar da mutane, da mutuwar uwarsa jim kaɗan bayan sun sadu, duk da murya ɗaya ta malamin da ya sallama wa ƙaddara. Wannan tazara tsakanin munin abin da ake faɗi da natsuwar mai faɗinsa ita ce ke ɗauke da jigon haƙuri da tawakkali, kuma ita ce ke sa mai karatu ya tambayi kansa ko marubucin ya la'anci bauta ne ko kuwa ya bayyana ta kawai. Hoto ba shi da irin wannan kawaici. Idan ya nuna bawa, to, ya nuna shi, kuma tausayi kan riga tunani isa zuciya. A ra'ayina, fim ɗin ya fi littafin fito da bauta fili, littafin kuwa ya fi shi fito da Shaihu.

Wannan ma'auni zai fi tsananta a kan sauran littattafan. Daɗin Ruwan Bagaja yana cikin bakin Alhaji Imam da zolayar da ke tsakaninsa da Malam Zurƙe, na Ganɗoki kuwa yana cikin kirari da cika baki, abubuwan da kunne ke ji, ido ba ya gani. (Ba a majigi kaɗai ake irin wannan ƙaura ba: Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, labarinsa An African Night's Entertainment na 1962 ya bi sawun Jiki Magayi ƙwarai, har manazarta suka daɗe suna muhawara a kai.) Ko da finafinan bidiyo suka kunno kai a Kano, marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Balaraba Ramat Yakubu, mai Alhaki Kwikwiyo, sun ga littattafansu sun bi wannan hanya, kuma matsalar murya ba ta sake zani ba.

3.0 Batun Adanawa

Akwai wani abu da ya kamata ya dami manazarta harshe fiye da wanda ya gabata. Littafin Shaihu Umar bai taɓa ɓacewa daga makarantu ba, har Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967. Fim ɗin kuwa, mai tsawon minti 142, ya shafe shekaru masu yawa ana ɗaukarsa ɓatacce, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Cibiyar Arsenal ta Jamus ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wato masu kallo a Turai sun sami damar jin Hausar 'yan wasan 1976, da karin harshensu da gaisuwarsu ta fada, a lokacin da ɗalibin Hausa a Minna ko Kagara yake nazarin littafin bai taɓa ganin hoton ba. Kantar da aka jera littattafan gasar 1933 a ɗakin karatu na jama'a ita ce ta dace da kwafin wannan fim, tare da rubutaccen wasan Ladan da Lyndersay, domin sai an ajiye ukun wuri guda ɗalibi zai iya bin zance ɗaya daga zube zuwa dandamali zuwa majigi, ya ga inda aka rage da inda aka ƙara.