Sarauniyar Mamani da ta Lugu

A Ingila da Amurka, iyaye masu karantar da ƴaƴansu a gida sukan ɗauki littafin labari guda, su ɗora darasin tarihi da na labarin ƙasa a kansa. Charlotte Mason, wata malama ƴar Ingila, ta yi suna da wannan ra'ayi. Wasu ƴan ƙungiyarmu na so mu gwada wa ƙannenmu haka a hutun lakwal, da littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Na yarda, amma da sharaɗi.

Wajen labarin ƙasa, zaɓen ya yi. A shimfiɗa taswira, yaro ya bi ayarin Voulet da Chanoine na 1899 da yatsa: daga bakin Kwara zuwa Lugu, Birnin Ƙonni, har Maijirgi kusa da Tasawa, inda tafiyar Voulet ta ƙare. A tambaye shi ina dubban mutanen nan ke samun ruwa da hatsi. Daga nan zai gane me ya sa ƙauyukan kan hanya suka sha wuta.

Tarihin ne ke ba ni tsoro. Mamani ɗan gwagwarmayar Sawaba ne, jaruma yake nema wa ƙasa, ya kuwa ƙera ta da kyau: ƙuruciyarta, maganganunta, duk aikin alƙalaminsa ne. Ɗan shekara 10 fa ba ya bambance wannan. A Lugu, Sarauniya sarauta ce ta Azna da mata ke gada, ba mace guda ba. Wanda zai karanta wa yara littafin, ya faɗa musu haka tun kafin shafin farko.