Daga "wai" zuwa "ashe": abin da ke riƙe masu kallon fina-finan ƴan sanda a Damagaram

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu duba wata tambaya wadda ɗalibanmu suka sha yi mana: me ya sa labarin kisan kai da aka tsara a Jamus ko a Amurka yake riƙe mutanen Birni da Zango da Sabon Gari har shayi ya ƙone a kan wuta? Amsar da aka saba bayarwa ita ce sha'awar faɗa da harbe-harbe. Ba mu gamsu da ita ba. Derrick, wanda gidan telebijin na ZDF ya nuna daga 1974 zuwa 1998, kashi 281, gudu da harbi kaɗan ne a cikinsa: dattijo ne mai tabarau yake zaune a falon masu kuɗi yana tambaya. Haka ma Columbo, wanda Peter Falk ya fara fitowa a matsayinsa a 1968. A ganinmu abin da ke jan hankali yana cikin magana ne, saboda haka masanin harshe yana da ta cewa.

Tun 1966 Tzvetan Todorov ya nuna cewa irin wannan ƙagaggen labari labarai biyu ne a haɗe: na laifin, wanda ya riga ya auku a ɓoye, da na binciken, wanda ke tono na farko. Muna ganin Hausa tana da ƙananan kalmomi biyu da suka raba waɗannan labarai fiye da yadda Faransanci ke iyawa. A dubi misalan nan, irin waɗanda muka ji a majalisar samari da ake kira fada, inda yaro ɗaya mai jin Faransanci yake fassara wa sauran:

(1) Wai yana Frankfurt a daren da aka kashe ta.
(2) Wai bai taɓa ganin bindigar ba.
(3) Ashe ƙanen mijin ne!

A (1) da (2) ɗan wasan bai faɗi wani abu mai kama da "wai" ba. Cewa ya yi, kai tsaye, yana wani gari. Mai fassara ne ya ƙara kalmar, kuma da ita ya tsame hannunsa: ga abin da aka ce, ni ban ɗauki nauyinsa ba. Da harafi uku ya mayar da kowace amsa abin tuhuma. Faransanci sai ya nemi doguwar hanya, ko ya sauya siffar aikatau, kafin ya kai nan. Ita kuwa "ashe" ta (3) tana nuna cewa mai magana ya ci karo da gaskiyar da bai zata ba, abin da Scott DeLancey ya ware a matsayin rukuni na nahawu mai zaman kansa a 1997. Fim ɗin gaba ɗaya tafiya ce daga kalma ta farko zuwa ta biyu. Mun lura cewa mai fassarar da ya ƙware yakan yi rowar "ashe", ya riƙe ta har minti na ƙarshe, wanda kuwa ya sake ta da wuri, ko da ya faɗi daidai, ƴan fada sukan karɓe masa aikin.

Sai dai Columbo yana neman rushe mana wannan bayani, kuma bai kamata mu ɓoye haka ba. A mafi yawan kashinsa ana nuna mai kisan tun farko. Mai kallo ba shi da wata "ashe" da zai jira. To me yake jira? A nan dole mu bar nahawu mu shiga ilimin zaman harshe cikin jama'a. A al'adar Damagaram, kamar sauran ƙasar Hausa, tambaya tana da alƙibla: daga sama take gangarowa. Uba ke tambayar ɗa ina ya kwana, malam ke tambayar almajiri, alƙali ke tambayar mai ƙara. A fadar Sarki talaka yana gaisuwa, yana kai kuka, amma ba ya titsiye babba, kuma sau da yawa maganarsa ta bakin wani take isa. Columbo ya juya wannan alƙibla. Mutum ne mai yamutsattsiyar riga da tsohuwar mota Peugeot 403, yana shiga gidan likita ko attajiri yana ba da haƙuri, ya yi sallama, ya kai bakin ƙofa, sa'an nan ya juyo da tambaya guda. Ladabinsa irin na bara ne, amma ba a iya korarsa. "Ashe" tana nan, sai dai a fuskar mai kuɗin take fitowa, lokacin da ya gane cewa wanda ya raina ya daɗe da kama shi. Ba mu tsammanin wannan daɗi baƙo ne a garin da ya san wasan kara, inda matasa ke kwaikwayon masu mulki da kayan karan gero, wasan da Inoussa Ousseini ya ɗauka a fim.

Akwai kuma batun hujja. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, mai da'awa shi ke kawo shaidu, wanda ya musa kuma ya yi rantsuwa. Wato gaskiya daga bakin mutum take fitowa, kuma nauyinta ya danganta da adalcin mai faɗi. Sufeton fim bai yarda da baki ba. Tokar sigari, agogon da ya tsaya, laka a takalmi, su ne shaidunsa. Wanda ya ce wannan tunanin Turawa ne zalla ya manta da masu bin sawu, waɗanda idan an sace raƙumi ko sa suke karanta ƙasa har ƙofar gidan ɓarawo. Shi ya sa muke ba masu fassara shawara su riƙa tunawa da "bin sawu" a inda suke cewa "anket" ko "bincike". Kalmar "bincike" ta yi faɗi, ta haɗa ɗalibi da ɗan kwastan.

(Wani abin dariya mai ɗaci: a 2013 aka gano cewa Horst Tappert, wanda ya fito a matsayin Derrick, ya yi aiki a rundunar Waffen-SS lokacin yaƙin duniya na biyu. Ya rasu tun 2008, bai ji "ashe" ɗin da ta faɗa kansa ba.)

Inda muke da ƙorafi da waɗannan fina-finai shi ne wurin da suke tsayawa. Da an sa ankwa sai kiɗa ya tashi. Ba a nuna watannin jiran shari'a a kurkuku, ba a nuna wanda aka kama bisa kuskure, kuma mai laifi kusan kullum yana amsa laifinsa da kansa cikin natsuwa. Mai kallo yana tashi da imanin cewa duk wata "wai" tana da "ashe" a gabanta. Tarihin garin nan bai goyi bayan haka ba. A 1906 Faransawa sun tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin ƙulla makirci, suka kai shi Kodebuwa. André Salifou ya yi rubutu a kan lamarin, Mahamane Bakabé ya yi fim a 1982, amma idan dattawa suna ba da labarin wanda ya kai tsegumi ga Nasara, da "wai" suke farawa, da ita kuma suke rufewa.

Don haka muke ɗora fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, kusa da waɗancan, ko da yake ba ƙagagge ba ne. Ta shiga unguwar Kara-Kara, cikin ƙungiyoyin samarin da ake kira "palais", da masu fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Nijeriya. Babu sufeto a ciki, kuma ba a neman wanda ya aikata, domin shi ne yake magana da bakinsa, a Hausar da muke ji kullum a tasha. Ita ƴar garin ce, amma daga wata unguwa, kuma mace ce take sauraron maza masu tabon wuƙa. Alƙiblar tambaya a nan ba ta sama ba ce, ba kuma ta Columbo ba. Muna fatan wani daga cikin ɗalibanmu zai rubuta zantukan fim ɗin kalma bayan kalma, ya ƙidaya inda "wai" ta fito da bakin wanda ta fito, sa'an nan ya gwada da abin da aka rubuta a ƙasan hoto da Faransanci.